Aminu Dantata da kujerar Kumbotso: me ke kai ɗan kasuwa majalisa?

Tun da Allah ya yi wa Alhaji Aminu Alhassan Dantata rasuwa a Abu Dhabi ranar 28 ga watan Yuni 2025, aka yi masa sallar ga'ib a Kano, aka kai shi Madina aka binne shi a Baƙi'a, duk inda ka leƙa maganar dukiyarsa ake yi da kyautarsa, kuma ya cancanta wallahi, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Amma akwai wani yanki na rayuwarsa da masu ba da tarihi ke wucewa da gudu, layi ɗaya tal suke ba shi, cewa ya taɓa zama ɗan majalisar dokokin Jihar Arewa mai wakiltar Kumbotso daga 1961 har sojoji suka rushe komai a 1966. Ni kuma wannan layin ne ya fi tsaya min a rai, don duk lokacin da zaɓe ya matso sai ka ji ana musu a majalisar shayi, wannan ya ce a ba mai kuɗi kujera tunda ya ƙoshi ba zai yi sata ba, wancan ya ce ai ɗan kasuwa duk inda ya zuba kuɗi riba yake nema, kuma duka ɓangarorin biyun sai su jawo sunan mutanen zamanin baya su kafa hujja, alhali ba su tsaya sun duba yadda abin ya kasance ba.

To bari mu duba.

An haife shi a Kano ranar 19 ga Mayu 1931, shi ne na 15 cikin 'ya'ya 17 na Alhassan Dantata. Shi kuwa Alhassan ai ba sai an gabatar da shi ba, mutumin Bebeji ne daga zuriyar Agalawa fatake, ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar da ake kira Gana a yau, sannan da jirgin ƙasa ya iso Kano Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa sai ya shiga da ƙarfinsa, har ya zama ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Labarin raƙuma 20 ɗauke da kuɗin azurfa da ya kai banki lokacin da aka buɗe reshe a Kano a 1929 har gobe ana ba da shi. Aminu ya yi firamaren Dala daga 1938 zuwa 1945, ya ƙarasa karatu a makarantar da mahaifinsu ya buɗe wa 'ya'yansa, sai a 1948 yana ɗan shekara 17 aka sa shi a harkar gidan a matsayin mai sayen amfanin gona. A 1955, shekarar da mahaifin ya rasu, shi ke riƙe da harkar kamfanin a yankin Sakkwato, a 1958 ya zama mataimakin yayansa Ahmadu, da Ahmadu ya rasu a 1960 sai ragamar Alhassan Dantata & Sons ta dawo hannunsa yana da shekara 29. Shekara ɗaya bayan nan ya shiga majalisa. Ka riƙe wannan jerin da kyau, kamfani ne ya fara zuwa hannunsa sannan kujera ta biyo baya, kuma ya riga ya yi shekara 13 yana tsaye a kan sikeli da buhu da lissafi kafin ya taɓa zama a zauren Lugard Hall a Kaduna.

Tambayar da ya kamata mutum ya yi ita ce, me zai sa matashin da aka ɗora wa babban gidan kasuwanci irin wannan, ga 'yan'uwa ga yara ga dillalai a garuruwa, ya ɗauki wahalar zuwa Kaduna zaman majalisa? Amsar tana cikin gyaɗa.

Kakana, Allah ya gafarta masa, manomin gyaɗa ne, kuma yakan ba mu labarin kaka a wancan zamanin, yadda za a cire gyaɗa a shanya, mata su zauna su ɓare, a ɗura a buhu a ɗora wa jaki a nufi wajen awo tun da asuba don a kama layi. Malamin sikeli yana zaune da littafinsa da alƙalami a kunne, a rataya buhu ya duba ya faɗi nauyi, in ya zura hannu ya ga tsakuwa ko gyaɗar ba ta bushe ba ya rage, kai kuma ba ka iya karanta abin da allurar ta nuna ba, sai dai ka ce to. Abin da ya fi damun kakana shi ne babu ciniki. A kasuwa in ka kai akuya za a taya ka ce albarka, a ƙara, har ku daidaita, amma a wajen gyaɗa farashin ya riga ya zo a yanke tun farkon kaka, daga sama, kuma ba wanda ka gani balle ka roƙe shi ya ƙara maka sisi.

Wannan saman da yake faɗa ita ce hukumar sayen amfanin gona ta Jihar Arewa, wadda tun 1954 da aka raba hukumomin zuwa jihohi ta koma ƙarƙashin gwamnatin da ke Kaduna. Ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa da auduga zuwa ƙasashen waje. Ita ke yanke abin da za a biya manomi, ta sayar a kasuwar duniya da tsada, rarar da ke tsakani kuma da ita aka yi ayyuka da yawa na gwamnatin Sardauna, shi ya sa in ka ji dattawa na cewa da kuɗin gyaɗa aka gina Arewa ba ƙarya suke ba, sai dai a ƙara da cewa daga aljihun manomi aka cire. Ita hukumar ba ta zuwa ƙauye da kanta, sai ta ba wasu 'yan kasuwa lasisi su saya a madadinta a biya su la'ada a kan kowane tan, su kuma su raba wa ƙananan dillalai kuɗi tun kafin kaka, dillalan su bazu cikin karkara. Da farko manyan kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da CFAO, sai kuma Kwarori, su suka mamaye lasisin nan, 'yan ƙasa kuwa yaransu ne kawai, kuma gidan Dantata na cikin 'yan ƙasa na farko-farko da suka samu nasu lasisin na kansu. Dalar gyaɗar nan da muke gani a hoto, buhunan da aka saya ne ke jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa tashar ruwa a Ikko.

Ka ga kenan a wancan tsarin, wa za a ba lasisi, nawa ne la'ada, wa banki zai ba bashin sayen kaya, wace hanya za a gyara don motoci su shiga, yaushe jirgi zai zo ya ɗauki kaya, duk a hannun gwamnati suke. Ɗan kasuwar da bai da murya a Kaduna kamar mai gona ne a bakin rafi wani na riƙe da madatsar ruwan. Ga kuma manufar Sardauna ta fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati da kwangila, wadda ke buƙatar a samu 'yan Arewan da za su iya ɗaukar manyan ayyuka in an karɓe daga hannun baƙi. Gwamnati na neman irin su Aminu Dantata, su ma suna neman gwamnati. Saboda haka duk wanda ya ce maka mutanen wancan zamanin ba su haɗa siyasa da kasuwanci ba, bai karanta tarihin ba. Sun haɗa, kuma a fili suka haɗa, kowa ya san wane ɗan kasuwa ne kuma ya san abin da yake saye da sayarwa.

Ita kanta majalisar ta wancan lokaci ba irin ta yau ba ce. Zama ne na ɗan lokaci, a je Kaduna a yi 'yan makonni a tattauna kasafin kuɗi da dokoki, da Hausa da Turanci, sannan kowa ya koma bakin aikinsa, kuma da yawa daga cikin 'yan majalisar ma'aikatan En'e ne, hakimai da malaman makaranta da magatakarda, ga majalisar sarakuna a gefe guda da ita ma sai doka ta bi ta hannunta. A zaɓen 1961 jam'iyyar NPC ta kwashe kusan duka kujerun, NEPU ta Malam Aminu Kano da ke ta da jijiyar wuya a kan talaka ba ta samu abin kirki ba, mata kuwa a Arewa ba su da ƙuri'a sam a lokacin. Don haka ba na so in zana muku ita kamar wata aljanna, majalisa ce ta masu sarauta da masu hali, talaka irin kakana ba a tambaye shi nawa yake so a sayi gyaɗarsa ba. Amma abu ɗaya da ba za a ƙwace mata ba, kujerar ba sana'a ba ce. Ba wanda ya dogara da ita ya ci abinci, musamman irin su Aminu da abin da suke juyawa a kaka ɗaya ya fi ƙarfin duk wani alawus da za a ba ɗan majalisa.

Kuma in ka bi rayuwarsa bayan nan za ka ga yadda hanyoyin biyu suka ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa. A 1961 ɗin yana cikin tawagar tattalin arziki da sabuwar gwamnatin Najeriya ta tura ƙasashen duniya, a 1964 yana cikin daraktocin farko na bankin raya masana'antu na ƙasa, kamfaninsa na gine-gine ya samu aiki a makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, majalisa ta watse, Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Kano ta samu tata, sai Audu Baƙo ya ɗauko shi a 1968 ya ba shi kwamishinan raya tattalin arziki da ciniki da masana'antu, ya riƙe har 1973. Da aka zo dokar mayar da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa a 1972 da 1977, wa ke da tsabar kuɗin sayen hannun jari a Arewa in ba irin gidajensu ba? Ya sayi hannun jari a kamfanoni irin su SCOA da Raleigh masu keke da kamfanin matsar irin auduga na Funtua. A 1978 yana cikin ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPN, daga baya ya shiga harkar man fetur da kamfanin Express Petroleum, yana kuma cikin waɗanda suka tsaya har bankin Jaiz ya kafu.

A nan ne nake ganin dole mai son gaskiya ya faɗi abu biyu a lokaci guda ko da ba su yi daɗin haɗuwa ba. Na farko, kusanci da gwamnati ya taimaki dukiyar nan ƙwarai, lasisi da kwangila da hannun jari ba daga sama suke faɗowa ba, kuma akwai ƙananan 'yan kasuwa masu ƙwazo da ba su samu wannan ƙofar ba don ba su da wanda zai buɗe musu. Na biyu, dukiyar ba ta mutu da mutuwar kujera ba. Gyaɗar ma da ita ce tushen komai ta durƙushe, farin 1973 ya buge ta, cutar da ta kama ta a 1975 ta ƙarasa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, Babangida ya rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, amma mutumin yana nan tsaye, don ya iya sana'ar tun kafin ya san hanyar Kaduna. Ya bar muƙamin gwamnati yana da shekara 42, ya rayu shekara 52 bayan nan, kuma a cikin shekarun nan ne aka ga gidauniyar Jihar Kano da yake cikin jagororinta, da sashen wankin ƙoda da ya gina wa asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da sunan mahaifinsa, da tsayawarsa a jami'ar Al-Qalam ta Katsina, har zuwa naira biliyan 1.5 da ya bayar lokacin da ambaliya ta ci Maiduguri a 2024 yana tsoho tukuf.

To yanzu juyo ka dubi ɗan majalisar jiha na yau, don nan ne abin yake min ciwo.

Tsarin mulkin 1999 ya ce kowace majalisar jiha kujerunta kada su gaza 24 kada su wuce 40, Kano na da 40 cif, kuma dole su zauna aƙalla kwana 181 a shekara, wato ya zama cikakken aiki. Sannan dokar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin ta hana mai riƙe da cikakken muƙamin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka yarje masa, kuma sai ya bayyana kadarorinsa kafin ya hau kujera. Niyyar mai kyau ce, ana so a raba mai yin doka da mai cin ribar doka. Amma me ya faru a aikace? Ɗan kasuwar gaske mai masana'anta da ma'aikata 200 ba zai bar harkarsa shekara huɗu ya je ya zauna ana buga guduma ba, sai ya tsaya a baya ya ɗauki nauyin wani. Wanda kuma ya shiga da kasuwancinsa sai ya mayar da kamfanin sunan ƙaninsa ko matarsa ko yaronsa, kwangila ta fito ta bi ta can, a takarda hannunsa tsaf. Abin da ake yi a fili a 1961 kowa na gani, yanzu ya koma bayan labule, kuma abin da ke bayan labule ba ka iya auna shi balle ka tuhumi mai shi.

Ga kuma tsadar shiga. Kuɗin fom, kuɗin daliget a zaɓen fid da gwani, fosta, motocin kamfen, 'yan jagaliya, wakilan akwati, lauyoyi in an tafi kotu. Na san wani a yankinmu, ba zan kama suna ba, mai shagon kayan gini ne yana rufa wa kansa asiri, ya sayar da fili biyu da motar ɗaukar kaya ya ci bashi a kai ya shiga, kuma Allah ya ba shi. Na je gidansa wata safiya raka wani ɗan'uwana, tun ƙarfe 7 ƙofar gidan ta cika, wata tsohuwa riƙe da takardar magani a naɗe cikin leda, wani da katin ɗaurin aure, wani matarsa ta haihu babu ragon suna, samari kusan 10 a kan benci suna jiran na shayi. Yana fitowa aka miƙe, Honarabul barka da asuba, ranka ya daɗe Allah ya ƙara girma, shi kuma hannu na shiga aljihu yana fita, har ya shiga mota bai ƙarasa da rabinsu ba. Ba wanda ya tambaye shi wace doka ake tattaunawa a wannan makon, ni ma ban tambaya ba. Shagon nasa kuwa a lokacin ya riga ya zama kango don babu mai kula. Ka gaya min, mutumin da ya ci bashi ya hau, ake tatsarsa kullum safiya, kuma ba shi da inda zai koma in ya sauka, ta yaya zai kalli gwamna ya ce wannan kasafin bai yi ba? Tikitinsa na zagaye na biyu yana hannun gwamnan, ɗan aikin mazaɓar da zai nuna wa mutane yana hannun gwamnan.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da a 2010 majalisun jihohi suka kasa amincewa da gyaran tsarin mulkin da zai ba su 'yancin riƙe kuɗinsu da kansu, sai a 2018 aka samu ya wuce, aka kuma yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa har aka sake wani gyaran a 2023. Mu a Kano ma mun gani da idonmu, a watan Mayu 2019 majalisa ta yi dokar ƙara masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, a watan Mayu 2024 majalisar ta soke masarautun cikin 'yan kwanaki, ko wane ɓangare kake goyon baya a rigimar masarauta dole ka yarda cewa saurin nan biyu daga gidan gwamnati iskarsa ta kaɗo.

Don haka in aka ce min a zaɓi mai kuɗi don ya ƙoshi, ni ba ƙoshin nake dubawa ba, mun ga masu kuɗin da suka shiga suka ƙara haɗama. Abin da nake tambaya shi ne, kuɗin nan daga ina, sana'a ce da za a iya nuna ta da yatsa, ga shago ga masana'anta ga gona ga mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinsa, ko kuwa kuɗin siyasar ne aka juya aka dawo da shi da sunan kasuwanci? Sannan in ya faɗi zaɓe gobe, yana da wurin komawa? Aminu Dantata ya amsa tambayoyin nan biyu tun kafin ya tsaya, duk da cewa ya shiga ne ta ƙofar da gadon gidansu ya buɗe masa wadda ɗan talaka ba shi da ita, kuma wannan gibin har yau ba a cike shi ba, rage shekarun takara zuwa 25 da aka yi a 2018 bai rage kuɗin daliget ko da naira ɗaya ba.

Kuma abin takaicin, yanzu ne ma majalisar jiha ta fi buƙatar wanda ya san kasuwa da gaske. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon yin doka a kan wutar lantarki da jirgin ƙasa, abin da a da akasarinsa sai Abuja. Kumbotson da Aminu ya wakilta ita ce yau ke ɗauke da rukunin masana'antu na Challawa, inda masu majemar fata da sauran kamfanoni ke ƙona dizal dare da rana wasu kuma sun rufe sun sallami ma'aikata. Ga 'yan Kantin Kwari da Singa da Dawanau da ke kukan haraji kala-kala da gobara da rashin hanyar shigar motar kashe wuta. Wanda ya taɓa biyan albashi ƙarshen wata daga aljihunsa, ya san nawa dizal ke ci a cikin kowace naira 100 da ya samu, shi zai iya tashi a zauren majalisa ya ɗauki kasafin ma'aikatar ciniki layi-layi ya ce wannan adadin ba zai kai wuta Challawa ba, a dawo da shi a gyara.